Ba da Maki da Kama Satar Amsa a Darasin Kwamfuta

Kowane malamin lissafi ya sani, in yaro ya kawo amsa daidai ba a nan magana ta ƙare ba, sai an duba hanyar da ya bi. To, haka ya ke ga darasin tsara wa kwamfuta umurni a jami'a, har ma ya fi wuya, domin a kan kwashe aikin wani cikin ƙiftawar ido, ba tawada, ba gumi.

Mu fara da maki. A Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN, wadda babban ofishinta ke Jabi, maƙwabtan Kado, aikin da ɗalibi ke yi cikin zango yana ɗaukar maki 30, jarrabawar ƙarshe 70. Wanda ya tara 70 zuwa sama ya sami A, 60 zuwa 69 B, haka a ke sauka har E, watau 40 zuwa 44. Ƙasa da 40 an faɗi. Yanzu ku yi wannan lissafi da kanku. In ɗalibi ya kwafi aikin zango ya sami 28, maki 12 kaɗai ya ke bukata cikin 70 ya haye. Ga ƙofar ɓarawo ke nan, a buɗe.

Ga misali, a ce ɗalibai su rubuta umurni da harshen Python wanda zai tara makin yaran aji, ya raba da yawansu. Mai kwafi ya kan sauya sunaye, inda abokinsa ya sa "jimla" shi ya sa "tarin_maki", ya ƙara fili nan da can, ya ce nasa ne. Ai wannan sauya wa akuyar sata igiya ne kawai. Tun 1994 wani malami a Amurka, Alex Aiken, ya ƙago na'urar bincike mai suna MOSS, wadda ba ta kula da sunaye, ginin umurnin ta ke dubawa, ta jera aikin mutum biyu ta nuna inda suka yi kama. Amma fa kama ba hukunci ba ne. In aikin gajere ne, ɗalibai goma masu gaskiya suna iya rubuta shi iri ɗaya, kamar yadda yara goma za su tara 7 da 5. Abin da ya fi tona asiri shi ne kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya.

Doka kuwa ba ta wasa. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa. Ta 1999 ta sassauta, amma malamin da ya sa hannu hukuncinsa ya fi na ɗalibi nauyi. Wannan mu ya shafa, 'yan'uwa.

Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, al'amarin ya sake kama. Ɗalibi ba ya bukatar aboki, na'ura za ta rubuta masa sabo fil, MOSS kuma ba ta da na biyu da za ta gwada shi da shi.

A ganina, maganin yana hannun malami tun ranar farko. Ya faɗa wa aji sarai, a rubuce, inda taimako ya tsaya: ku tattauna hanya da baki, amma kowa ya buga nasa da yatsunsa, wanda ya ari wani yanki kuma ya rubuta inda ya samo. Sa'an nan kada a zuba maki duka a kan amsa. Cikin maki 10, ni sai in ajiye 4 don bayani da baki. A kira ɗalibi minti biyar, a buɗe aikinsa, a tambaye shi, "In aji ba yaro ko ɗaya, me umurninka zai yi?" Wanda ya rubuta da kansa zai ɗan yi shiru, ya ce rabawa da sifiri ba ta yiwuwa, ya nuna layin da zai gyara. Wanda ya kwafa sai ya tsaya yana duban allo.