Yadda Ake Tara Tsofaffin Bindigogin Gasa Masu Ƙaramin Harsashi

A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin bindigogin gasar harbi, irin waɗanda ake jan sakatarsu da hannu bayan kowane harbi, masu cin ƙaramin harsashin nan .22 LR da kamfanin Stevens ya fito da shi a 1887. Ba don fagen fama aka ƙera su ba, ba kuma don farautar manyan namun daji ba. An yi su ne don mutum ya kwanta rub da ciki ya huda takarda daga nisan mita 50, shi ya sa suke da nauyi da kaurin bututu. Ga yadda masu harkar suke bi.

Takardar izini ake fara nema kafin a nemi bindiga. A Ingila sai da shaidar izini daga 'yan sanda, kuma sai sun gamsu da dalilinka da akwatin ƙarfen da za ka riƙa kullewa. A Amurka akwai lasisin tarayya na masu tara tsofaffin bindigogi, wanda ya shafi waɗanda suka kai shekara 50 da ƙerawa, ga kuma dokar kowace jiha a kai. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba, kuma tsufan bindiga ba ya zama uzuri a gaban alƙali.

Mataki na biyu, ka ware layi ɗaya ka tsaya a kansa. Wanda ya ce duk abin da ya gani zai saya, tarkace zai tara. Da yawa sukan zaɓi Winchester 52, wadda ta shiga kasuwa a 1920 aka ci gaba da ƙera ta har 1980, domin ita kaɗai zuriya ce guda: samfurin B ya zo a 1937, C a 1951 da sabuwar kunama mai laushi, D a 1961 mai cin harsashi ɗaya tak. Wasu sukan bi kishiyarta, Remington 37, da magajiyarta 40X. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya fara da waɗanda aka koya wa sojoji da ɗalibai harbi da su, kamar Remington 513T da Winchester 75 da Mossberg 44US, ko Lee-Enfield No. 8 ta Ingila. A ganina nan ne wurin farawa, don kuskure a nan ba ya cinye jari. Wanda kuma zuciyarsa ke Turai, ga Anschütz 54 da ake ƙerawa a birnin Ulm na Jamus, wadda ta daɗe tana mamaye gasannin duniya.

Na uku, ka koyi karatun ƙarfe. Kowace bindiga tana ɗauke da tarihinta a jikinta. Lambar masana'anta takan nuna shekarar ƙira idan ka gwada ta da jadawalin kamfani. Ta Jamus da aka gwada a Ulm za ka ga hatimin ƙahon barewa, sau da yawa da alamar shekara a gefensa. Wadda gwamnatin Amurka ta saya wa sojojinta takan zo da tambarin mallakar gwamnati. Kada rashin lamba ya firgita ka nan take: kafin dokar 1968 ba a tilasta wa kamfanonin Amurka buga lamba a kan irin waɗannan bindigogi ba, don haka masu araha da yawa sun fito babu ita. Amma lambar da aka kankare ko aka sake bugawa, wannan ka ajiye ka kama gabanka.

Na huɗu shi ne dubawa, kuma nan ake cin riba ko a tafka asara. Da an miƙo maka ita, ka juya bakinta inda babu kowa, ka buɗe sakata, ka tabbatar da idonka babu harsashi. Sannan ka zare sakatar ka leƙa cikin bututu ta wajen haske, kamar yadda mai sayen doki yake fara buɗe baki ya duba haƙora. Layukan da suka murɗe a ciki su kasance da kaifi, ba ramukan tsatsa. Idan ka hango wani zobe mai duhu a tsakiya, alama ce wani harsashi ya taɓa maƙalewa aka harba wani a bayansa, bututun ya kumbura. Wani lokaci yatsa ma yakan ji kumburin ta waje.

Daga nan ka duba leɓen bututun. Tsofaffin 'yan gasa sun cika wanke bindiga, kuma sandar wanki da ake zurawa ta gaba takan cinye leɓen, harbi ya riƙa warwatsuwa. Ka koma mazaunin harsashi. Wannan harsashi a gefen gindinsa allura take bugu, saboda haka idan an saba danna kunama babu komai a ciki, allurar takan daki bakin mazaunin ta bar lotsawa, kwanso ya riƙa maƙalewa. A Winchester 52 na farko-farko, kafin samfurin A da ya riga B fitowa, ka haska fitila kusa da makullin tsaro, wurin yakan tsage, kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ka ƙirga ramukan noti a saman ƙarfe. Duk ramin da ba masana'anta ce ta huda ba, ragi ne a farashi, komai kyan aikin.

Na biyar, kayan saiti. Sababbin shiga sukan manta da su, alhali saitin Lyman 48 ko Redfield Olympic ko Parker-Hale na Ingila yakan ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin. Wasu dillalai sukan kwance saitin su sayar daban, su bar maka bindigar tsirara, ka shekara kana neman wanda ya dace da ramukanta. Idan ta zo da dogon madubin Unertl, da majanyin fata, da akwatinta na katako, kada ka yarda a raba su.

Na shida, ka riƙe hannunka. Babban abin da ke kashe darajar tsohuwar bindiga shi ne gyaran ƙauna: a goge katako da samfefa, a shafa fenti mai ƙyalli, a sake rina ƙarfe. Masu tarawa sun fi son kodaɗɗen launi na asali a kan sabon da aka yi jiya. Ƙyalle mai ɗan mai ya wadatar wa ƙarfe. Sukudireba kuwa sai wadda ta cika bakin noti daidai, in ba haka ba ka bar tabon da kowane mai saye zai gani. Wanki ta baya ake yi, ta wajen sakata. Kada ka bar ta cikin jakar soso wata da watanni, soso yana riƙe danshi. Harsashi a kulle shi wuri daban.

Daga ƙarshe, idan maƙerin bindiga mai lasisi ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ka kai ta filin ƙungiyar harbi ka gwada ta da harsashin gasa mai matsakaicin gudu, irin Eley Tenex ko na Lapua ko RWS. Kowane bututu da irin wanda yake so, sai an gwada ake ganewa. Ka buɗe wa kowace bindiga shafi a littafi: lambarta, ranar saye, wurin da ta fito, kuɗin da ka biya, hotunan hatimanta, da takardar da ka huda da ita, ka rubuta nisan da sunan harsashin a gefe. Duk ɗan gwanjon da za ka kai wa ita wata rana, wannan shafin zai fara tambaya.