Allurar da ke nuna inda ɗingishin doki yake

Ƴan'uwa makiyaya da masu dawaki, idan doki ya fara ɗingishi, abin da na fi ji daga bakin mai shi shi ne "kafaɗa ce". Daga nan sai a sa ƙarfe a wuta a yi masa lalas. Alhali a ƙafar gaba, yawancin ɗingishi daga kofato yake tasowa ko kusa da shi: ƙayar aduwa, ƙusa, tsagewa, ko mugunya da ta taru a ciki. An ƙona kafaɗa lafiyayya, ciwon kuwa yana ƙasa yana cin doki.

Da farko nakan sa a ja dokin da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ba cikin rairayi ba. Ku dubi kansa: yana ɗaga shi lokacin da ƙafar gaba mai ciwo ta taka ƙasa, yana sauke shi a kan mai lafiya. In na gane ƙafar, sai in wanke kofaton, in ji ko yana da zafi, in matsa shi ko'ina da ƙarfen matsa kofato. Sau da yawa nan ake gamawa. In ba a ga komai ba, sai a koma ga allura.

Maganin da muke sawa shi ne lidokayin, irin wanda ake kashe wa mutum dasashi da shi kafin a cire haƙori. Ba jijiyar jini ake nema ba. Ana zuba shi ƙarƙashin fata, gefen siririyar jijiyar da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa, sai abin da ke ƙasa da wurin ya daina ji. Shi ya sa ake farawa daga ƙasa ana hawa. In aka fara daga sama, ƙafar duka za ta mutu, dokin ya miƙe, ba a kuwa san inda ciwon yake ba.

Allurar farko ana yin ta daidai saman dunduniyar kofato, ciki da waje, kamar mililita 2 kowane gefe. A jira minti 10, a taɓa fatar dunduniya da abu marar kaifi. In bai janye ƙafa ba, magani ya kama. Sai a sake sassarfa a wuri ɗaya da na farko. In ɗingishi ya tafi, ciwon yana cikin kofato. In yana nan, sai a hau bayan gaɓar da ke sama da kofato, inda allura ke kashe kofaton duka da abin da ke tsakaninsa da gaɓar. Haka ake bi mataki mataki. Wani lokaci da ƙafar ta daina ciwo sai ɗayar ta fara ɗingishi, ashe duka biyun ne, ɗaya ta ɓoye ɗaya.

Akwai dokin da ba na yi wa wannan allura ko an roƙe ni: wanda ɗingishi ya kama farat ɗaya bayan sukuwa ko harbin wani doki, har ba ya iya dafa ƙafar. Mai yiwuwa ƙashi ne ya tsage. Zafin ne ke hana shi takawa. In aka kashe shi, zai saki nauyinsa duka a kai, tsagewar ta zama karaya.

Abu biyu nake roƙonku. Kada ku ba doki maganin zafi na kasuwa kafin ku kawo shi, don yana rufe ɗingishin. In kun riga kun ba shi, ku faɗa mini ranar. Kada kuma ku sayi lidokayin ku gwada da kanku, gama jijiyar tana kwance gefen jijiyar jini, kusa da gaɓa, kuma datti in ya shiga gaɓa yakan nakasa doki.

Allurar ba ta warkarwa. Bayan kamar awa ɗaya ko biyu zafin zai dawo, don haka ko kun ga doki yana tafiya garau, kada a ɗaura masa sirdi ko amalanke ranar. A ɗaure shi inuwa, washegari a duba wurin allurar, in ya kumbura a kira mu.