Ba a Kwantar da Babur a But

Ranar Litinin da ta wuce aka sauke mini wata roba-roba daga bayan a-kori-kura a ƙofar garejina. Tun kafin a kwance igiya na gane ta, don ni da bakina na ce wa mai ita ya dakata da saye. Malamin makaranta ne, sa'an babban yayana, ya fi shekara ashirin yana riƙe da alli. Yanzu yana kwance a gida da karaya a kafaɗa, gwiwarsa ta saɓule har ana hango fari.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, masu mota suka fara rufe ta da tampol suna neman ɗan babur na zuwa aiki. Ban ga laifinsu ba. Mai inji 110 tankinta bai wuce lita huɗu ba, amma idan wurin aiki ba nisa sai ta yi wa mutum kusan mako. Lissafin Malam ke nan: mota ta zauna don iyali da ranar ruwa, babur ya ɗauki sauran kwanakin.

Ya zo ya nuna mini hotonta a waya, wai wani ɗan'uwansa ya samo masa ta hannu a Zariya, da arha. Na ce, "Malam, kada ka biya sai na tayar da ita da sanyin safiya na ji kukanta, na kuma ga lambar inji da ta shasi sun yi daidai da rasit." Ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanena, ai na gida ne." Washegari ya tura kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka kawo ta. Direban Sharon ya kwantar da ita a kan haƙarƙarinta a but, da rabin tankin fetur, da batir na ruwa a jikinta, ya ɗora buhuna a sama. Haka ta sha gargada tun daga Zariya har Kano. Baƙin mai ya bi ta bututun numfashi ya cika gidan matatar iska, ruwan batir ya zubo ya cinye wayoyi, fetur kuwa Allah ne kawai ya tsare ba a samu mai kunna sigari a motar ba. Ana sauke ta yara suka hau buga kik. Da kyar ta tashi, tana aman hayaƙi kamar an kunna bola.

Gyaran wannan bai fi na rabin awa ba. A tsayar da ita, a cire filogi, a buga kik ta tofar da abin da ya shiga, a wanke matata, a cika mai. Amma garejina ya yi wa Malam nisa, ga wani yaro a bakin layinsu da sifana uku a ƙarƙashin bishiya. Shi ne ya ce masa, "Baba, injin ne ya yi maka kaɗan." Ya faɗaɗa bulo, ya cire fistan ɗin kamfani mai 52.4 ya sa na 54 da zobba marasa kyau. Ya jefar da matatar iska wai don injin ya shaƙi iska. Ya farke cikin salansa. Bai taɓa kafireta ba, ya bar ta tana ba da man ƙaramin inji. Sannan ya zuba baƙin man mota na awo daga gora, alhali man da ke cikin injin nan shi ne yake jiƙa kuloci. Malam ya ji ƙara ta ƙaru, ya ɗauka ƙarfi ne.

Wata biyu ta yi tana haɗiyar ƙurar hunturu ba matata, tana zafi ba isasshen mai. Ranar da abin zai faru yana gangarowa daga kan gada da safe, injin ya kama lokaci guda. Roba-roba ba ta da hannun kuloci da mutum zai matse ya raba taya da inji, sai tayar baya ta ƙame, ta ja shi a kwalta. Babu hular kwano a kansa. Tana cikin but ɗin mota, a ledarta, sabuwa. Mai Adaidaita da ke bayansa ya taka birki, saura kamu ɗaya.

Da na buɗe injin, fistan ya narke ya manne da bulo, sai da na sa katako da guduma. Man da ya rage bai cika kofin shayi ba, na murza shi a yatsa ina jin yashi.

Jama'a, ba a kwantar da babur. A tsaye ake ɗaukar sa, a kan tayoyinsa, a rufe fetur, a rage tanki, a cire batir, a ɗaure kai da igiya ta dama da hagu har gaba ya ɗan nutse. In motar ba ta da wurin da zai tsaya, ba motar ɗaukar sa ba ce. In kuma an riga an kwantar, kada kowa ya taɓa kik sai an cire filogi.

In ƙarfi kake so, sayi mai 125 tun farko. Kamfani ya auna birki da kaca da kafireta daidai da injin da ya sa, kai kuma ka bar wani ya ƙara gudu a kan birkin da bai ƙaru ba. Kuɗin da za ka ba shi, sa su a taya mai kyau da takalmin birki da fitila. Kuma don Allah a bar matatar iska a inda take. Na gaji da ganin babura suna shigowa da gidan matata a buɗe, an ce wai zamani ne. A garin da ƙura take rufe rana, wa ya ce ka cire ta?

Masu ajiye babur sai ranar da mota ta ƙi tashi, ku ma kuna ba ni aiki. Fetur yana bushewa a kafireta ya toshe ta, batir ya mutu, taya ta sace. A tayar da shi ko sau ɗaya a mako, a ɗan zaga unguwa. Baƙin mai kuma na babur, a cikin galan rufaffe, ba na gora ba. Na gora ba ka san abin da aka haɗa ba.

Jiya ɗan Malam ya zo tambayar kuɗin gyara. Na lissafa masa bulo, fistan, kuloci, wayoyi, salansa da robobin da suka farfashe, ya yi shiru, don sun haura abin da aka ce an rage masa a Zariya, ban da na mai ɗori. Na ce ya gaya wa babansa ba zan karɓi kuɗin hannu ba, amma ba zan ba da makulli ba sai na ga hular nan a kansa. Da zan je duba shi da yamma na bi ta bakin layinsu. Yaron yana nan a ƙarƙashin bishiya, babura uku suna jiran sa.