Darasi: Kiran Da Makaho Bai Ji Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, darasinmu na yau da laifin kaina zan buɗe shi, don wanda ya ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

A kakar da ta wuce, lokacin da mutanen Maska suka duƙufa karyar masara, muka ga ɗalibai sun ragu a karatunmu na Asabar bayan la'asar. Sai muka yi shawara muka mayar da shi Lahadi bayan magariba. Na sa wani yaronmu ya tsara sanarwa, ya yi mata ado da hoton masallaci da rubutu mai ruwan zinare, muka saka a Facebook da zaurukanmu na WhatsApp. Na kwanta da zaton na sauke nauyi.

Ranar Asabar dab da magariba waya ta shigo. Wani dattijo ne mahaddacin Alƙur'ani, makaho, da yake zuwa mana daga wani ƙauye a gefen gari. Ya ce: "Allah gafarta Malam, lafiya kuwa? Tun la'asar nake zaune a masallaci, ban ji motsin kowa ba."

Na ce: "Subhanallah! Alaramma, ai mun sanar tun Laraba."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: "Na ji saƙonka ya shigo, Malam. Wayata ta ce mini hoto ne. Abin da ke cikin hoton kuwa, daga ni har ita babu wanda ya gani."

Wallahi kunya ta rufe ni. Mutumin nan ya biya ɗan acaba zuwa, zai biya komawa, ya bar abin da yake yi, ya zauna shi kaɗai a masallaci sama da awa biyu. Bai yi fushi ba, har dariya ya yi. Ni ne na kasa barci.

Wataƙila wani ya ce, yo makaho da waya mai shafawa? To ai nan jahilcinmu yake. A wayoyin Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta kuma akwai irin su NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar, kuma kyauta ake saukarwa. Aikinsu ɗaya ne: su karanta wa mutum abin da ke kan gilashin wayar da murya. Yana shafawa da yatsa tana faɗa masa inda yake, in ya zo kan abin da yake so sai ya taɓa sau biyu. Da na ziyarci Alaramma bayan haka, ya kunna mini tasa. Muryar Bature ce take tauna Hausa a karkace, kuma da sauri irin wanda ni ban tsinci komai ba, amma shi kunnensa ya saba, yana bin ta tiryan-tiryan.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan manhaja haruffan da aka buga take karantawa. Rubutun da aka zana a cikin hoto kuwa, sau da yawa a wajenta kamar zane ne a jikin bango. Tun 2016 Facebook ya fara gwada yi wa makafi bayanin hotuna da kansa, amma kintace ne. Zai iya cewa akwai mutane ko gini ko rubutu, wani lokaci ya kamo wasu kalmomi, amma ba abin da za ka dogara da shi ba ne wajen sanar da ranar karatu ko lokacin jana'iza.

Da na gane wannan sai na ce to an gama, daga yau saƙon murya zan riƙa turawa. Ba a yi sati biyu ba wani matashi ya rubuto mini. Kurma ne, ya yi karatu a makarantar kurame ta Malumfashi, yanzu yana ɗinki a Funtua. Ya ce: "Malam, kullum ina ganin mutane suna rubuta Masha Allah a ƙarƙashin karatunka. Ni bakinka kawai nake gani yana motsi. Don Allah ka riƙa rubuta mana ko kaɗan ne."

Ka ga ni nan, na buɗe wa ɗaya ƙofa na rufe wa ɗaya. Daga nan na fahimci ƙa'idar da darasin yau ya ginu a kanta: duk saƙon da kake son ya isa ga jama'a, ka ba shi ƙofa biyu, ta ido da ta kunne.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaƙale ne na zamani. Duk wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kan Suratu Abasa. Malaman tafsiri sun faɗi sababin saukarta: Abdullahi ibn Ummi Maktum, makaho, ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi, sallallahu alaihi wasallam, yake ƙoƙarin jawo hankalin manyan Ƙuraishawa. Da aka jinkirta sauraronsa sai Allah Ya saukar da ayoyi a kan lamarin, ayoyin da za a karanta har tashin ƙiyama. Mutumin nan daga baya ya zama ladani tare da Bilal, kuma an sha barin Madina a hannunsa idan an fita yaƙi.

Akwai kuma wani hadisi a Sahihu Muslim da ya tsaya mini a rai tun ranar da Alaramma ya kira ni. Wani makaho ya nemi sassauci ya riƙa sallah a gida saboda ba shi da ɗan jagora. Aka tambaye shi ko yana jin kiran sallah. Da ya ce yana ji, aka umarce shi ya amsa. Mun saba kawo wannan hadisi don nuna girman sallar jam'i, kuma haka ne. Amma ku dubi tambayar da aka fara yi masa. Sai da aka tabbatar kiran yana isa gare shi sannan aka ɗora masa amsawa. To mu da muka mayar da kiranmu cikin hoto, da wane baki za mu ce makaho bai amsa ba?

Kuma ku tuna nawa ne daga cikin ilimin da muke tinƙaho da shi ya biyo ta hannun makafi. Ƙatada, babban malamin tafsiri a cikin tabi'ai, makaho ne. Imam Shaɗibi mai Shaɗibiyya, wadda masu ƙira'o'i suke haddacewa har gobe, makaho ne. A zamaninmu ga Shaikh Abdul'aziz ibn Baz, wanda ya rasa ganinsa tun yana matashi, ya rayu yana karantarwa har rasuwarsa a 1999. Wa ya san ko akwai irinsu a ƙauyukan Funtua da Bakori da Malumfashi, da waya a hannu, suna shafawa tana ce musu hoto, hoto, hoto?

Ba kuma 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar lalura ta nakasa. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin shida. Ka ƙara da dattawanmu da yanar ido ta fara rufe musu gani, da manomin da yake duba waya cikin rana tsaka a gona, da wanda datarsa ba ta isa ta buɗe bidiyo ba. Ni da kai ma, in Allah Ya ja kwana, layin da za mu shiga ke nan.

A duniyar masu gina shafukan intanet an daɗe da tsara wannan. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da jagora mai suna WCAG tun 1999, ta sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: abin da ka saka ya zama mutum zai iya riskarsa ta gani ko ji ko taɓawa, zai iya sarrafa shi, zai iya fahimtarsa, kuma na'urorin taimako za su iya karanta shi. A nan Najeriya ma akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. To in an yarda matakalar da gurgu ba zai iya hawa ba zalunci ce, shafin da makaho ba zai iya karantawa ba sunansa me?

Ga abin da na koya, kuma nake roƙon duk mai saka wani abu don amfanin jama'a ya riƙe:

1. Duk sanarwar da ka saka a hoto, ka sake buga ta da haruffa a ƙarƙashinsa: mene ne, ina ne, yaushe ne. Minti ɗaya ya ishe ka. Haka idan ka ɗauki hoton shafin littafi ko na wata fatawa, ka bugo abin da ke ciki.

2. Idan hoton kansa ne saƙon, ka faɗi abin da ke cikinsa. Misali: rijiyar da aka haƙa, mata uku suna ɗibar ruwa. Facebook yana da wurin rubuta bayanin hoto na musamman domin masu amfani da manhajar karatu, amma ko a ƙasa ka rubuta ya wadatar.

3. Duk karatun murya ko bidiyo, ka haɗa shi da rubutu. In za ka iya sa rubutun yana tafiya a ƙasan bidiyon, shi ya fi. In ba hali, ka sa ɗalibi ɗaya ya taƙaita mas'alolin da hujjojinsu. Kuma ku sani kuramenmu suna da harshensu, maganar hannu, wadda ta daɗe a ƙasar Hausa. Ga da yawansu ita ce harshen farko, rubutu na biyu ne, don haka a sauƙaƙa jimloli. Majalisin da ya samu mai fassara da hannu, ya tsayar da shi inda kyamara za ta ɗauke shi sosai, ba a lungu ba.

4. Ku rage ado. Haruffan nan masu lanƙwasa da ake kwafowa don suna ya yi kyau, manhajar karatu ba ta ɗaukarsu a matsayin haruffa na yau da kullum. Ko ta tsallake su, ko ta riƙa kiran sunan kowane ɗaya. Haka 'yan hotunan nan na fure da zuciya da tafi, kowanne sai ta faɗi sunansa. Ka jera guda ashirin, ka sa bawan Allah ya saurari fure sau ashirin kafin ya kai ga hadisin.

5. Ku cika kalmomi. Slm da ngd da makamantansu, ga mai sauraro surutu ne kawai. Salatin Annabi ma ya fi cancantar a rubuta shi cikakke.

6. Ku kula da launi. Rubutu rawaya a kan fari, ko ja a kan kore, azaba ne ga mai raunin gani. Baƙi a kan fari, da haruffa manya, ba ya tsufa.

7. Littafin da za ka raba a PDF, ka gwada shi. In kana iya zaɓar kalma ka kwafe ta, manhaja za ta iya karantawa. In ba ka iyawa, to tarin hotuna ne ka tura.

Sai ku matasanmu da kuka koyi gina shafukan intanet, kuna yi wa makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa. Amana ce a wuyanku. Kowane gurbi a fom ku ba shi suna, don kada manhaja ta ce wa mutum ga akwati ba ta faɗi na mene ne ba. Ku tsara kanun rubutu daki-daki don makaho ya iya tsallakawa zuwa inda yake nema. Mahaɗi ya faɗi inda zai kai mutum, ba danna nan kawai ba. Ku tabbatar ana iya zagaya shafin duka da madannan kwamfuta, domin akwai wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzaminta. In kun sa gwajin nan na tantance mutum da hotuna, ku sa wata hanyar ta sauti. Ku tuna fom ɗin nan wataƙila na neman gurbin karatu ne, ko tallafin taki, ko aiki. Idan makaho ya kasa cikewa da kansa, dole ya miƙa wa wani lambobinsa na sirri, kuma kun san abin da hakan ke jawowa a wannan zamani.

Wani zai ce, Malam wannan ai wahala ce, mabiyana duk masu gani ne. Ya aka yi ka sani? Ni ma haka na zata. Wanda aka rufe wa ƙofa ba ya cikin ɗaki balle ka ƙirga shi. Kuma Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarr cewa taimaka wa mai raunin gani da naka ganin sadaka ne, kamar yadda kawar da ƙaya daga hanya sadaka ne. Hanyar da mutane suka fi bi a yau tana cikin tafin hannunsu, kuma mu ne muke zuba mata ƙaya ba mu sani ba.

Ga aikin gida. Yau da dare ka shiga saitin wayarka, wajen da aka tanada don masu buƙata ta musamman, ka fara duba yadda ake kashe TalkBack don kada ka maƙale, sannan ka kunna ta. Ka rufe idonka, ka nemi abu na ƙarshe da ka saka, ka saurara minti biyar. Bayan haka ka kashe sautin wayar gaba ɗaya ka kalli bidiyonka na ƙarshe. Abin da ka ji da abin da ka rasa sun fi wannan rubutun nawa wa'azi. In kuma akwai makaho ko kurma a unguwarku, ka je ka tambaye shi da kanka, ya fi ni sanin inda ƙayar take.

Shi kuwa Alaramma, na je har gida na ba shi haƙuri, na miƙa masa kuɗin acabarsa. Ya ƙi karɓa. Ya ce: "Riƙe abinka, Malam. Ni dai in za ka kira mu, ka kira mu yadda za mu ji."

Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, Ya amfanar da mu da jinmu da ganinmu matuƙar muna raye. Wanda ya san wani mai wannan lalura, ya karanta masa wannan darasi ko ya tura masa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.