Koya wa Ɗan Kwikwiyo Wurin Fitsari da Bahaya

A da, in aka ce kare a ƙasar Adamawa, abin da ke zuwa a rai shi ne karen farauta, ko na makiyayi mai bin shanu, ko na gadi wanda ake ɗaurewa da rana a sake shi da dare. Yanzu wani iri ya shigo garin Yola. In ka bi ta Karewa ko Bekaji ko Dougirei, ko wasu gidajen Jambutu, za ka ji siririn haushi daga bayan ƙofa. Ƙananan karnuka ne masu yawan gashi. Waɗanda aka fi gani su ne Lhasa da Eskimo. Shi Lhasa asalinsa daga Tibet yake, can cikin duwatsun Asiya, inda aka daɗe ana ajiye shi don ya yi haushi in baƙo ya shigo. Ko ya gama girma, nauyinsa ba ya cika wuce kilo 8 ba.

Mutum ya kan sayo shi yana ɗan wata biyu, yara suna murna. Kwana uku sai murna ta koma ciki. Nan fitsari, can kashi, uwargida tana faɗa, maƙwabta suna ƙorafi. To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a yi da shi.

Gidajenmu ba ɗaya ba ne. A gidan Musulmi kare ba ya shiga ɗaki, ana ware masa wuri a gefe. Malamai sun yi bayanin dalilan da ke halatta ajiye shi, kamar farauta da tsaron dabbobi da gona, wasu kuma sun haɗa da gadin gida. Mai shakka ya tambayi malaminsa. A wasu gidajen kuwa kare har falo yake shiga. Amma ko wane gida ne, tsakar gida ta kowa ce. Nan ake shimfiɗa tabarma, nan ake shanyar kuɓewa da barkono, nan jariri yake rarrafe, nan ake alwala, kuma fitsarin kare da kashinsa najasa ne. Ga shi a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura 40 a ma'auni, yawancinmu a waje muke kwana.

Me ya sa kwikwiyo yake yawan fitsari?

Ba rashin ji ba ne, ba kuma mugunta ba. Mafitsararsa ce ƙarama, bai kuma iya riƙewa ba tukuna. Masu kiwon kare suna da wani lissafi mai sauƙi: ɗan wata 2 yana iya riƙe fitsari kamar awa 2, ɗan wata 3 kamar awa 3. Ƙaramin iri sau da yawa ba ya kai haka. Kuma da yake abin da yake zubarwa bai fi cokali biyu ko uku ba, sai ya yi a bayan randa ko ƙarƙashin benci ba wanda ya gani. Ya yi yau, ya yi gobe, shi ke nan wurin ya zama nasa. Wannan na cikin abin da ya sa ƙananan karnuka suka fi manya wuyar koyarwa.

Zaɓen wuri

Ranar da ya iso, kafin ma yara su ɗauke shi, ka riga ka zaɓi wurin. Lungu guda ɗaya ake so, nesa da madafa, nesa da rijiya da wurin alwala, kuma wanda ruwan sama ba zai kwaso ƙazantar ya kawo tsakar gida ba. In ƙasa ce, madalla. In gidan duk siminti ne, ka jera bulo huɗu ko ka sami tsohon faranti mai faɗi, ka zuba yashi. Yashin Binuwai ba ya wuyar samu a Jimeta, bokiti biyu sun isa farawa. Kare yana gane wurinsa da wari da kuma abin da tafin ƙafarsa ya saba taɓawa. Wanda ya saba da yashi, yashi zai nema. Saboda haka ba na goyon bayan a shimfiɗa masa tsumma ko tsohon buhu. Ranar da ya ga darduma ko tabarma, ba zai bambance su da tsummansa ba.

Ka kafa ɗan kwano ko zana a sama. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, kwikwiyo ba ya son jiƙewa, zai tsaya a bakin baranda ya yi abinsa. Da bazara kuma siminti da yashi suna ƙona masa ƙafa. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ba za ka iya barinsa a wurin ba, shi ma ba zai iya tsayawa ba.

In gidan haya ne, ka shawarci mutanen gidan tun kafin ka kafa bulo.

Lokaci shi ne aikin

Duba yadda uwa take yi da ɗanta. Ba ta jira sai ya ɓata zane. Ta san lokacinsa: da ya tashi barci, ko ya gama shan nono, sai ta tsugunar da shi a kan fo. Haka za ka yi wa kwikwiyo. Lokuta uku ne ba sa ƙarya: in ya farka, in ya ci ko ya sha, in ya gama wasa. Bayan cin abinci, tsakanin minti 5 zuwa 30 cikinsa zai motsa. Ban da waɗannan, a makonnin farko ka kai shi wurin duk bayan awa ɗaya ko biyu.

Ga yadda safiya take tafiya. Ka dawo daga masallaci ko ka idar da addu'ar safe, gari bai gama wayewa ba. Ka buɗe akurkin da yake kwana a ciki. Kada ka tsaya wasa, kada ka bari ya taka da ƙafarsa, don kafin ya kai zai tsuguna a hanya. Ka ɗauke shi, ka ajiye shi a kan yashi. Ka tsaya shiru. Zai sunsuna nan, ya sunsuna can, ya ciji ganye, ya kalli kaza. Ka ƙyale shi. Can sai ya ɗan buɗe ƙafafun baya ya sauke ƙugu. Yana cikin yi ka faɗi kalmarka a hankali, misali "yi maza". Yana gamawa, nan take, ka yabe shi da murya mai daɗi, ka miƙa masa ɗan guntun dafaffen nama wanda bai fi ƙwayar wake ba.

Wannan "nan take" ita ce gaba ɗayan dabarar. Kare yana haɗa lada da abin da ya yi a daidai lokacin. In ka bari sai kun dawo baranda ka ba shi, ya ɗauka ladan zuwa baranda ne. Don haka naman ya kasance a hannunka tun kafin ku fita.

In minti biyar ya wuce bai yi ba, ka mayar da shi akurki, bayan minti goma ku sake komawa. Kada ka sake shi a tsakar gida da mafitsara cike.

Kalmar kuwa, kare bai damu ba ko da Hausa ce, ko Fulatanci, ko Bacamanci, ko Turanci. Abin da ke rikita shi shi ne maigida ya faɗi wata, uwargida wata, yara wata. Ku zauna ku tsayar da guda.

Da dare ɗan wata biyu yana bukatar fita sau ɗaya ko biyu. In ya fara kuka, ka tashi. Ka haska tocila tukuna, saboda kunama da maciji, da kuma kwaɗon damina, wanda in ya kama da baki zai yi ta dalala.

Abinci da ruwa

In ka san lokacin shiga, ka san lokacin fita. Wanda aka bar wa abinci a kwano yini guda, ba wanda zai iya cewa ga sa'ar da zai yi kashi. Ɗan wata 2 zuwa 3 a ba shi sau huɗu a rana, daga nan zuwa wata 6 sau uku, bayan haka sau biyu. Ƙaramin iri ba ya jure yunwa, in ya daɗe bai ci ba sai jikinsa ya saki, har ya yi rawar ɗari. Ka ajiye kwano minti 15, ka ɗauke. Kwanonsa nasa ne shi kaɗai, ba ya haɗuwa da na mutane.

Ƙasarmu ƙasar shanu ce, sai mutum ya ga gata ne ya cika wa kwikwiyo kwano da madara. Yawancinsu zawo take sa su. Haka miya mai albasa da yaji: albasa tana lalata wa kare jini. Goro da cakulan ma guba ne a gare shi. Kwikwiyo mai zawo kuwa ba ya koyuwa.

Za ka ji ana cewa a ɗauke masa ruwa tun da yamma don kada ya yi fitsarin dare. Wannan shawarar ƙasashen sanyi ce. A Yola, karen da gashi ya lulluɓe, cikin zafin Afrilu ga wuta an ɗauke, hana shi ruwa na iya kashe shi. Gara ka tashi da dare.

Akurki

Kare ba ya son ɓata makwancinsa. Da wannan ɗabi'a ake amfani. A yi masa akurki na katako da waya, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Girmansa ya isa ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. In ya yi faɗi da yawa, zai kwana a gefe ɗaya ya yi bahaya a ɗaya gefen. Duk lokacin da ba mai sa masa ido, nan ne wurinsa. Amma kada a kulle shi a tafi kasuwa tun safe sai magariba. Dole zai yi a ciki, in kuwa ya saba kwana cikin ƙazantarsa, gyaran ya yi wuya. Wanda ba shi da mai taimaka masa da rana, ya kewaye wuri mai ɗan faɗi, makwanci a gefe, yashi a gefe.

In ya yi a inda bai kamata ba

Zai yi, ba makawa. Ka koyi alamunsa: ya bar wasa farat ɗaya, ya sa hanci a ƙasa, ya fara zagaye, ko ya sulale ya nufi lungu. In ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi zuwa yashi. In ya ƙarasa a can, ya ci ladansa.

In kuwa sai daga baya ka gani, ba abin da za ka yi masa. Mutane da yawa su kan jawo shi, su dangwara hancinsa a ciki, su zabga masa takalmi. Shi bai san laifin da ake hukunta shi a kai ba. Abin da zai koya shi ne yin fitsari a gabanka haɗari ne. Daga ranar sai ya riƙa ɓuya. Ka kai shi yashi ya ƙi yi saboda kana tsaye, kuna dawowa ya shige bayan buhun masara. Ka ja wa yaran gida kunne a kan wannan, don su suka fi saurin ɗaukar bulala.

Akwai kuma wanda in maigida ya dawo, ko aka daka masa tsawa, sai ya kwantar da kai ya ɗiga fitsari. Wannan murna ce ko tsoro. Kada ka kula shi sai ya natsu. Yawanci yana bari in ya girma.

Wanke wurin da ya ɓata yana da muhimmanci, don hancinsa yana jin abin da naka ba ya ji, kuma warin ne ke kiran sa ya koma. Ka tsane da tsumma, ka wanke da omo, ka ɗauraye sosai, sa'an nan ka bi da ruwan bilic da aka sirka, ka bar shi ya bushe kafin kare ya taka. In ƙasa ce, ka kankare ta sama ka zuba sabuwa. Shi kuwa wurin yashin, a kwanakin farko ka bar ɗan jiƙaƙƙen yashi kaɗan don ya riƙa tuna masa.

Kashi da lafiyar yara

Kashi a kwashe shi kullum, da leda ko tsohon faranti, a zuba a masai ko a binne. Kada a watsa a kwata ko bayan katanga. Yawancin kwiyakwiyi da tsutsar ciki ake haifarsu. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, kuma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya iya kama mutum. Mai kwashewa kullum ya riga shi. Wanda ya bari kuwa, ƙwan yana iya shekara a cikin ƙasa, yaro ya yi wasa ya kai hannu baki. Wata tsutsar ma ta fata take shiga in an taka jiƙaƙƙen yashi ba takalmi, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi. A riƙa canza yashin, a hana yara wasa a wurin, a wanke hannu da sabulu.

A makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi. Zai ba shi maganin tsutsa, ya fara masa rigakafi, wanda ake somawa a mako 6 zuwa 8 ana maimaitawa har wajen wata 4. A wata 3 ake yin allurar haukan kare, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin irin wannan allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. In kare ya ciji wani, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kafin kwikwiyon ya gama allurai kada a fita da shi titi.

In ka ga zawo da jini da amai, kada ka kwana, cuta ce mai saurin kashe kwikwiyo. In yana tsugunawa a kai a kai yana ɗigo kaɗan kaɗan, ko wanda ya riga ya koya ya koma ɓata wuri, a duba mafitsararsa. Kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin mutane.

Yaushe zai iya? Yawanci wata huɗu zuwa shida ana yi, ƙaramin iri wani har shekara. In ya yi wata guda cur bai ɓata ko'ina ba, kuma ka ga yana tafiya yashin da kansa, sai ka fara sakinsa a wani sashe na gidan, kana ƙarawa kaɗan kaɗan. In ya koma ɓatawa, ka mayar da shi tsarin makon farko na kwana bakwai.