DARASI: HUKUNCIN FINA-FINAN FASSARA

'Yan'uwa, ana yawan tambayata game da fina-finan Indiya, Koriya da Amurka da ake fassarawa da Hausa. Fim dai ba hukuncinsa ɗaya ba, abin da ke ciki ake dubawa. Amma mai tsiraici da yankan mutane, wallahi fassara ba ta halatta shi. Da can yaro ba ya jin yaren, yanzu har batsar yana haddacewa.

Kano ta kafa hukumar tace fina-finai tun 2001, to wa ke tace wanda ake tura wa yaranmu a waya a shagunan caji na Jega, Aliero da Maiyama? Umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30, ya shafi kallon waya.

Gobe in sha Allah: hukuncin kuɗin da mai turawa ke karɓa.