Darasi na 9: Yadda Allah Ya Farfaɗo da Iliya

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21, 2 Korintiyawa 1:8-11
Ayar haddacewa: Yaƙub 5:11

Gabatarwa

Tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, mutanen Arewa suna gangarowa kudu neman halaliyarsu. Cinikin goro ya zaunar da waɗansu a Zangon Agege, waɗansu kuwa suka bazu zuwa Idi-Araba da Isolo. A cikinsu akwai masu bin Yesu, kuma wahalar birni ba ta tsallake su ba.

Ran Lahadi, 27 ga Janairu 2002, rumbun makamai na barikin soja a Ikeja ya fashe. Jama'a suka sheƙa a guje, da yawa suka faɗa cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa, wajen Isolo. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, akwai yara da yawa a cikinsu. Mako guda bayan haka rikici ya ɓarke a Idi-Araba. A 1 ga Satumba 2022 kuma gwamnatin jihar ta hana sana'ar okada a ƙaramar hukumar Oshodi-Isolo, magidanta da yawa suka wayi gari ba hanyar cin abinci.

Bayan irin wannan masifa, akwai wanda jikinsa ya tsira amma zuciyarsa ta karai. Yaya Allah yakan yi da irin wannan mutum? Labarin Iliya ya ba mu amsa.

1. Jarumi ma yakan gaji (aya 1-4)

A bisa Dutsen Karmel Iliya ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450, Ubangiji kuwa ya amsa masa da wuta. Amma da Yezebel ta aiko da saƙon kisa, sai ya gudu har Biyersheba, tafiyar wajen mil 100. Can ya bar baransa, ya shiga jeji shi ɗaya, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Yaƙub 5:17 ta tuna mana cewa shi mutum ne kamarmu. Bulus ma ya shaida wa Korintiyawa cewa a ƙasar Asiya ya taɓa fid da rai ga rayuwa. Saboda haka kada mu yi saurin cewa ɗan'uwa ya rasa bangaskiya domin mun ga ya raunana.

2. Allah ya fara da jiki (aya 5-8)

Mu lura da abin da mala'ika ya kawo. Gurasa ce da ruwa, ba tsautawa a ciki. Iliya ya ci, ya sha, ya koma barci, aka sāke tashe shi ya ƙara ci, gama tafiya mai nisa tana gabansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai gadi da ya kwana a tsaye, gari ya waye ya shiga dako a kasuwa, tilas duniya ta yi masa duhu. Wanda ya halicci jiki ya san bukatarsa, shi ne kuma ya ba mutum ranar hutu. Idan barci ya ƙaurace wa mutum makonni, ko ya fara zancen ɗauke ransa, wajibi ne 'yan'uwa su raka shi wurin likita. Wannan ba ya rage addu'a da kome.

3. Allah ya bar shi ya faɗi damuwarsa (aya 9-14)

Bayan kwana 40 Iliya ya iso Horeb, ya shiga kogo. Sau biyu Ubangiji ya tambaye shi dalilin zuwansa, sau biyu ya zazzage kukansa, Ubangiji kuwa ya saurara har ƙarshe. A wurinmu akan ɗauka haƙuri shi ne mutum ya haɗiye kome ya yi shiru. Amma kalmar Helenanci da ke cikin ayar haddacewarmu, wato hufomone, ma'anarta tsayawa a ƙarƙashin kaya. Ɗan dako yakan yi nishi, yakan ce a taya shi, duk da haka bai yar da kayan ba. Wannan shi ne jimiri. Iska da girgizar ƙasa da wuta suka wuce, sa'an nan Ubangiji ya yi magana da 'yar murya a hankali. Mazaunin birni mai hayaniya sai ya keɓe lokaci kafin ya ji irin wannan murya, ko da asuba ce kafin motoci su tashi.

4. Allah ya gyara lissafinsa, ya ba shi aiki da aboki (aya 15-21)

Iliya ya ce shi kaɗai ya rage. Ubangiji ya sanar da shi akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Baƙin ciki yakan ɓata wa mutum ƙidaya, ya ga asara kaɗai, ya manta da abin da ya saura. Sa'an nan aka ba shi aikin da zai sa a gaba, aka kuma ba shi Elisha, wanda ya tarar yana huɗa da shanu. Mutumin da ya bar baransa a Biyersheba ya koma da abokin hidima. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gida dangi ne ke kewaye mai makoki, amma a baƙunci ikilisiya ce dangi. In mu ba mu neme shi ba, wa zai neme shi?

Abin da za mu riƙe

Jimiri ba halin da aka haifi waɗansu da shi ba ne, aka hana waɗansu. Allah yana gina shi a cikinmu ta wurin hutu da abinci, da addu'a ta gaskiya, da Maganarsa, da aikin yini, da zumuntar 'yan'uwa. Ubangijinmu Yesu kansa ya nemi almajirai uku su yi tsaro tare da shi a Getsamani. In shi ya nemi abokai a daren wahala, bai kamata mu ji kunyar neman su ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Ubangiji ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa magana?
2. Mene ne bambancin yin shiru da jimiri?
3. Wane ɗan'uwa ne ya daina zuwa sujada tun da ya rasa sana'arsa? Wa zai ziyarce shi a wannan mako, da me kuma a hannu?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai da ka ciyar da bawanka a jeji, ka dubi gajiyayyu a cikinmu. Ka ba mu ƙarfin tafiyar da ke gabanmu, ka sa mu zama gurasa da ruwa ga juna. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.